Saura Kilomita Bakwai

Al Nahda, Dubai
19 ga Oktoba

Zuwa ga matata Dinatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Mary-Jane. Yaya Mama da ciwon gwiwar nan? Yaya yaran ajinki? An fara yankan acca kuwa? Ni ma nan lafiya lau, sai godiya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani, ga waya a hannun kowa. Amma ke ma kin san yadda wayarmu ta koma. In tambayi lafiya ki ce lafiya, in tambayi Mama ki ce da sauƙi, kafin in haɗa magana ta uku kin miƙa wa Mary-Jane. Ba ƙorafi nake yi ba. Na dai ga bakina ya daina yi mini aiki, shi ne na ce bari in gwada hannu. Sanda, mai shagon kago a Murshid Bazaar wanda nake aiko muku da kaya ta wurinsa, ya ce kowane mako yana da fasinja mai zuwa Jos, takarda kuwa ba ta da nauyi.

Labarin da nake da shi ƙarami ne. Na koma gudu.

A watan Agusta kamfani ya tura mu Hatta gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, a wani masaukin baƙi. Hatta ƙasar Dubai ce, amma sai an yi tafiyar kusan awa biyu, a wuce rairayi har kusa da iyakar Oman. Ina gyangyaɗi a bayan mota, na buɗe ido sai ga duwatsu. Shekara bakwai ina ƙasar nan, duk wani abu mai tsawo da na gani mutum ne ya gina shi. Duwatsun ba irin namu na Pankshin ba ne. Nasu baƙaƙe ne, tsirara, ba ciyawa ba ƙerana, kamar an toya su. Amma dutse dai dutse ne. Da sassafe ina kan rufi ina kwance inji, na hango mutum biyu can sama suna gudu a wata siririyar hanya, kowa da jakar ruwa a bayansa. Na tsaya kallo har abokin aikina ya gaji da ce mini yalla, wato yi sauri da Larabci.

Mai gadin wurin ya ce idan sanyi ya shigo ana tsere a duwatsun, wasu kilomita ashirin, wasu hamsin, wasu har ɗari. Kin tuna ni a sakandare da jan gajeren wandona, kullum ni ke zuwa na biyu, kina kirana sarkin na biyu? Yanzu shekarata arba'in da ɗaya, ga tumbi. Duk da haka na sa sunana a na hamsin. A watan Fabrairu za a yi.

Abu ɗaya ne ya ba ni wahala a fom ɗin. Akwai wurin da aka ce a rubuta wanda za a kira idan wani abu ya sami mutum, kuma dole ya zama yana cikin ƙasar. Mu shida ne a ɗakinmu, uku 'yan Nepal, biyu 'yan Uganda, sai ni, kowa da labulensa a bakin gado. Na san tarin kowannensu, amma ban san sunan matar ko ɗaya ba. Oga kuwa ba ya ɗaukar lambar da bai sani ba. Kwana biyu fom ɗin yana buɗe a wayata. A ƙarshe na sa sunan Sanda, mutumin da nake gani sau huɗu a shekara, mu yi gardama a kan kilo mu rabu. Ban gaya masa ba. Ba na jin za a kai ga haka.

Ki gaida Mama da kyau, ki gaida Fasto da 'yan Zumuntar Mata. In kin sami sarari ki rubuto, ko layi biyu ne.

Ni ne mijinki,
Sati

Al Nahda, Dubai
28 ga Disamba

Matata Dinatu,

Barka da Kirsimeti, da fatan kun yi bikin lafiya. Yaya sanyi a gida? Na ga hoton Mary-Jane cikin rigar da na aiko, ta yi tsawo har na kusa kasa gane ta. Yaya Mama, ta iya zuwa sujada?

Na leƙa shagon Sanda sau biyu, ya ce ba saƙo. Ba komai. Ya tabbatar mini takardar ta shiga hannunki, wannan ma ya isa.

Kirsimeti ta same ni a rufin wani babban kanti. Da yamma na dafa shinkafa da kifin gwangwani, na ja labule na ci. Faston cocinmu na nan ya bugo sau biyu ban ɗauka ba. Gara ki ji daga bakina: na daɗe ban shiga coci ba. Lahadi ce kaɗai ranar hutuna, kuma duk Lahadi bas ɗin farko nake bi zuwa Hatta.

Daga tasha nakan taka zuwa gefen dam, in ɗaure takalmi in fara hawa. Gudun dutse ba kamar na titi ba ne. Wani wurin tafiya ake yi hannu a gwiwa, wani wurin rarrafe, gangara kuma ita ce ke cin mutum, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa. Farcena uku sun yi baƙi, ɗaya ya fita. Tumbin ya tafi. Akwai wasu Turawa da Indiyawa da nake haɗuwa da su, suna gudu a ƙungiya. Wata mata a cikinsu ta ce in zo mu sha kofi bayan an gama. Na ce zan zo, amma da na hango su zaune suna dariya sai na wuce tasha. Ban san me zan ce ba idan suka tambaye ni 'ya'yana nawa.

Makonni uku da suka wuce na ɓata. Na bi wani kwari, su wadi suke ce masa, ina tsammanin zai fitar da ni hanya, sai ya yi ta rabuwa biyu-biyu. Ruwana ya ƙare wajen ƙarfe ɗaya, waya ba sabis. Na zauna a inuwar wani dutse na lissafa: in na kwanta a nan, sai Litinin da safe za a lura ba na nan, shi ma don motar aiki ta jira ni minti biyar. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ji tsoro sosai ba. Can na ji kukan akuya, na bi shi har wata 'yar gonar dabino. Wani tsoho ɗan Pakistan da ke ban ruwa ya cika mini gora, ya ba ni dabino cikin tafin hannu, ya nuna mini hanya da sanda yana cewa shwaiya shwaiya, wato a hankali. Ba mu da yare ɗaya. Ya tsaya yana kallona har na sha kwana.

Dinatu, na san kin lura ban taɓa ambaton 'yarmu Chastity a waya ba tun da aka binne ta. Watan Mayu mai zuwa shekara biyu ke nan. Da tana nan da ta cika sha uku a watan jiya. A ɗaki ba na iya tuna ta. A kan dutse kuwa takan zo da kanta. Kin tuna yadda nake saɓa ta a wuya in hau da ita tudun bayan gida, tunda sikila ta hana ta hawa da ƙafarta, tana riƙe da kunnuwana tana ƙirga awakin mutane? Wani lokaci ina hawa sai in ji nauyin nan a wuyana. Bayan kilomita ashirin kuma ciwon ƙafa yakan fi ƙarfin tunani, kaina ya yi shiru. Wannan shirun nake zuwa nema.

Akwai sauran magana, amma hannuna bai kai gare ta ba tukuna.

Allah ya shigar da mu sabuwar shekara lafiya. Ki sumbaci Mary-Jane.

Mijinki,
Sati

Al Nahda, Dubai
17 ga Fabrairu

Dinatu,

Gaisuwa da fatan alheri a gare ki da Mary-Jane da Mama. Ina fata kowa yana lafiya. Ni ina lafiya yanzu, kada ki damu da abin da za ki karanta a ƙasa. Ki nemi wuri ki zauna ke kaɗai, wasiƙar tana da tsawo.

An yi tseren shekaranjiya. Ban gama ba.

Mun tashi da ketowar alfijir, mu fiye da ɗari biyu, kowa da lamba a ciki. Mutane suna ta rungumar iyalansu a bakin layi, ni kuwa na yi ta gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. An ba mu awa goma sha biyu. Duk bayan kilomita goma akwai rumfa da ruwa da ayaba da lemo. Rabin farko ya yi mini daɗi ƙwarai. Iska mai sanyi, rana tana fitowa ta bayan duwatsun Oman, ƙafata kamar ta ɗan shekara ashirin. Na wuce mutane da yawa a hawa. Nan na yi kuskure, don na ƙi tsayawa in ci wani abu a rumfa ta biyu da ta uku, wai kada waɗanda na wuce su cim mini.

Wajen ƙarfe goma sha biyu rana ta buɗe. A kilomita talatin da takwas akwai wani hawa mai tsawo, ba inuwa ko ta tsinke. Cinyata ta dama ta ɗaure, ta hagu ta bi ta. Duk ruwan da na sha sai ya dawo. Waɗanda na wuce suka zo suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa kafaɗata ya tambaya, in ce lafiya. Da na kai ƙoli ba kowa gabana ba kowa bayana. Na zauna a kan dutse na yi kuka. Tun ranar da kika bugo kika ce Chastity ta tafi ban zubar da hawaye ba sai a wurin. Na yi ta kiran sunanta da ƙarfi, duwatsu suna maido mini.

Na tashi na ci gaba. Na wuce rumfar kilomita arba'in ina tangaɗi, suka ce in zauna na ƙi. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne wani allo mai lamba arba'in da uku. Na farka a tantin likitoci, ana mini ƙarin ruwa, gwiwata a naɗe. An ce wani mai gudu ne ya same ni kwance a gefen hanya.

Na juya kai sai ga Sanda zaune a kujerar roba, da doguwar rigarsa da hula, yana jan carbi a tsakiyar mutane masu gajeren wando. Ashe sun kira shi. Ya ce da farko ya ɗauka 'yan damfara ne, don bai san wani Sati mai gudu a dutse ba. Da aka ce ɗan Najeriya ne baƙi dogo, sai ya rufe shago ranar Asabar, ranar da ya fi ciniki, ya ari motar maƙwabcinsa ya taho. Da likita ta tambaye shi mene ne tsakaninmu, ya ce ƙanensa ne. Kunya ta hana ni kallonsa. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce da na gaya masa, da ya zo tun safe da fura.

A hanyar dawowa, muna cikin rairayi rana tana faɗuwa, ya tambaye ni me ke kora ta haka, don shi a saninsa babba ba ya gudu sai da dalili. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Sai da muka fara hango benayen gari sannan ya ce, "Malam Sati, na ji, Allah ya jiƙan yarinya. Amma ba ni ne mai wannan maganar ba."

To ga ta, ke ce mai ita.

Na ce miki kamfani ya hana ni zuwa jana'izar Chastity. Ƙarya na yi. Ranar da na gaya wa oga, a take ya ba ni kwana goma, ofis suka yanka mini tikitin washegari ta Addis Ababa zuwa Abuja. Na haɗa jaka. Na je filin jirgi, aka duba fasfo, na zauna a bakin ƙofar shiga da takardar shiga jirgi a hannuna. Aka fara kira, mutane suka yi layi. Na ce bari layin ya ragu. Ya ragu, ya ƙare. Aka kira sunana sau uku a lasifika ina ji. Ƙafata ta ƙi tashi. Abin da nake gani kawai shi ne ɗan ƙaramin akwati, da ke tsaye kina kallona, ni da na ce zan tafi shekara biyu in samo mata magani, sai ga shi na shekara biyar ban zauna kusa da gadonta na asibiti ko sau ɗaya ba. Na ga kamar in ban ga akwatin ba, tana nan a gida tana jirana. Jirgi ya tashi ina kallonsa ta gilashi. Sai da ma'aikata suka raka ni waje.

Na koma Al Nahda na buga miki na ce an hana ni. Kwana goman nan a bayan labule na yi su, fuskata a bango. Hutun shekara har sau biyu da na ce ba a ba ni ba, shi ma ni ne ban nema ba. Ƙaryar farko ce ta tare hanya.

Na bar ki kin binne 'yarmu ke kaɗai, kuma na sa kin tausaya mini a kai. Ban rubuto don in ce ki yafe ba, ban isa ba. Duk abin da kika yanke daidai ne.

Ni ne,
Sati

Al Nahda, Dubai
21 ga Maris

Matata Dinatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya gida, yaya Mary-Jane da jarrabawa, yaya Mama? Gwiwata ta warke, na koma aiki.

Takardarki ta iso ranar Talata. Sanda bai jira na zo ba, da kansa ya hau jirgin ƙasa ya kawo mini har ƙofar ɗaki, ya ƙi ko zama. Na karanta a matakalar bene, don a ɗaki akwai mutane.

Ashe kin sani. Ashe sakatariyar ofishinmu ta bugo miki tun da safen ranar tafiyar ta yi miki ta'aziyya, ta gaya miki lokacin da jirgina zai sauka. Da na bugo da yamma ina cewa an hana ni, kika ce "To" kika ajiye, na ɗauka baƙin ciki ne ya hana ki magana. Kin ce kin sa an ɗaga jana'izar da kwana ɗaya, kika ce wa mutane yayanki ake jira daga Fatakwal, alhali ni kike jira ko zan biyo jirgin gaba. Kin ce da bakinki kika maimaita ƙaryata ga Mama, da Fasto, da duk wanda ya zo gaisuwa, har Mama tana tsine wa mutanen da ba su yi mini komai ba sai alheri. Ni ina nan ina ganin ni kaɗai ke ɗauke da abin, ashe na aza miki mafi nauyinsa na tafi hawan dutse.

Kin ce ba ki yafe ba tukuna, kuma ba ki san ranar ba. Na karɓa. Kin ce ba za ki sake faɗin ƙaryar nan ko sau ɗaya ba. Ba za ki sake ba. Mama daga bakina za ta ji, Fasto ma haka.

Na nemi hutu an ba ni wata guda. Zan sauka Abuja ranar ashirin da shida ga Afrilu da rana, in kwana a Jos, washegari in shigo motar Pankshin. Sanda ya ce shi zai kai ni filin jirgi, kuma ba zai bar wurin ba sai na bugo masa daga cikin jirgi. Ban yi masa gardama ba.

Kada ki dafa komai, kada ki gaya wa mutane su taru. In kin fi so in sauka a ɗakin Mama, can zan sauka.

Roƙo ɗaya nake da shi. Tun da na karanta takardarki nake ƙoƙarin ganin wurin a zuciyata, ko bayan coci ne, ko gonar Baba kusa da itacen atili, sai na tarar ban sani ba. Shekara biyu ban taɓa tambaya ba, ke ma ba ki faɗa ba. Na san ko yaron maƙwabta na tambaya zai nuna mini. Amma ba na so in tambayi hanyar kabarin 'yata a bakin wani. In za ki iya, ki shiga gaba in bi ki. Ba sai kin yi mini magana ba.

Allah ya kiyaye ku, ya sada mu da alheri.

Ni ne mijinki, baban Chastity,
Sati